Tarkon farauta a D&D: in an hankaɗa abu kansa yana kamawa, ko sai ya taka da ƙafarsa?

Ɗan_Marusa:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni kan tarkon farauta na cikin Player's Handbook, littafin 'yan wasan D&D (Dungeons & Dragons, wasan labari da ake yi da dayis), wancan na ƙarfe mai haƙora da ake saye zinare 5. Ran Asabar na ɗana shi a bakin ƙofar wani kango, zombi ya biyo mu ya tsaya saura gida ɗaya a taswirar wasa ya kai ga tarkon, sai abokina ya zagaya ta bayansa ya hankaɗa shi kai, kuma ya ci jifan hankaɗawar fa. DM ɗinmu, wato mai jagorantar wasan, ya ce a'a tarko bai tashi ba, wai littafi ya ce sai wanda ya TAKA farantin tsakiya, shi kuwa turo shi aka yi. Mun yi ta musu har aka kira la'asar. Haka dokar take? Na biyu kuma, tsakani da Allah abin nan yana da amfani kuwa? Laba 25 nake goyo saboda raunin 1d4 (jifa ɗaya na dayis mai fuska 4), alhali wuƙar zinare 2 ma 1d4 take yi.

Abba_Kusugu:
Wa alaikumus salam. To da aka turo shi da mi ya sauka a gidan? Da ka? 😂 Zombi dai a tsaye yake, in an tura shi ƙafa 5 dole ya ja ƙafafu ya taka ƙasa. Farantin ƙarfe bai san niyya ba, nauyi ya sani.

MalamGobarau:
Bari in kawo abin da littafin 2014 ya tanada tukuna don kowa ya san kan mi ake magana. Ɗana shi yana cin akshin ɗaya, wato babban aikin da ake ba ka a kowane zagaye. Ana ɗaure shi da sarƙa mai kauri a jikin abin da ba ya motsi, itace ko turken da aka kafa. Wanda ya taka farantin zai yi jifan tsira na zafin nama, DC 13 (wato sai ya samu 13 ko sama), in ya faɗi ya sha 1d4 na suka kuma tafiyarsa ta tsaya nan. Daga nan iyakarsa tsawon sarƙar, wadda yawanci ƙafa 3 ce. In yana son fita sai ya kashe akshin ɗinsa ya yi jifan ƙarfi, shi ma DC 13, ko wani na kusa ya yi mashi, kuma duk jifan da aka faɗi wanda ke ciki zai ƙara shan 1. Shi ke nan fa, ba wata magana kan turi ko ja. Saboda haka DM ɗinku bai karya doka ba, amma kuma dokar ba ta ce abin da ya ce ba. Hukuncinsa ne.

Ummi_d20:
Ina jin na san inda ya samo ta. Akwai doka cewa in an ture ka da ƙarfi ka fita daga kusa da maƙiyi, ba ya samun damar kai maka sara a bayanka, don ba kai ka yi tafiyar ba. Sai mutane su ɗauki wannan su shafa ta a kan komai. Waccan magana ce ta sara, wannan magana ce ta ƙarfe da sifirin.

Sadiq_KofarKaura:
Ni fa ina bayan DM ɗin, ku yi haƙuri. Gida ɗaya a taswira ƙafa 5 ne ta kowane gefe, farantin kuwa ɗan abu ne a tsakiyar zobe. Don an tura ka cikin gidan ba lallai ƙafarka ta faɗa daidai kan farantin ba. Wanda ke tahowa da kansa ta ƙofa ka san inda zai sa ƙafa, wanda aka hankaɗa yana tangaɗi Allah kaɗai ya san inda zai taka.

Ummi_d20:
Yaya Sadiq ai amfanin jifan tsira ke nan. In ya ci 13 ka ce ƙafarsa ta kauce, in ya faɗi ka ce ta faɗa ciki. Dayis ya riga ya ɗauke maka wannan aikin, mi ya sa za ka sake yanke hukunci tun kafin a jefa?

Sadiq_KofarKaura:
Jifan tsira na wanda ya riga ya taka ne Ummi, ya fizge ƙafa kafin baki ya rufe. Ba shi ke nuna ko ya taka ba.

Abba_Kusugu:
Kai Sadiq wallahi da kai ne DM ɗina da na koma ludo

MalamGobarau:
Ku bar ni in amsa ta biyun, don ita ta fi muhimmanci a gani na. Ɗan_Marusa in kana kallon 1d4 ka yi asarar zinarenka, matsakaicinsa 2 da rabi ne, zombi kuwa HP 22 gare shi, wato makin ransa. Abin da kake saye shi ne lokaci. Duba lissafin: zombi zafin namansa 6 ne, wato ana cire mashi 2, sai ya jefa 15 ko sama kafin ya tsira, ka ga sau 7 cikin 10 zai kamu. Ya kamu, ba shi da baka ba shi da mashi, hannu kawai yake kai wa. Ko dai ya tsaya nan yana miƙa hannu ku kuna ja da baya kuna harbinsa, ko ya kashe yinsa na zagayen gaba ɗaya yana kokawa da ƙarfe, kuma da ƙarfinsa na 13 sai ya jefa 12, bai ma kai rabi da rabi ba. Duk yin da ya ɓata a kan tarko yi ne da bai bugi kowa ba. In kuma a bakin ƙofa mai faɗin gida ɗaya ya kamu, ya zama cikas a ƙofar, na bayansa sai sun ratsa ta gidansa da rabin sauri. Wace wuƙar zinare 2 ce za ta yi maka wannan?

Ɗan_Marusa:
Malam ai dalilin da ya sa na zaɓi bakin ƙofar ke nan, su huɗu ne suka biyo mu

Hafsy_Daura:
Amma Malam ka zaɓi abin da ya fi dacewa da maganarka ne 😄 gwada shi a kan goblin mu gani. Yana da ƙarin 2 a zafin nama, rabi da rabi ne ya kamu tun farko. In ya kamu ɗin ma mi ya dame shi? Yana da baka, zai zauna nan da tarko a ƙafa ya yi ta ɗirka maku kibiya daga ƙafa 80. Mutane da yawa suna ɗauka wanda ya kamu ya zama ɗaurarre irin wanda aka jefa wa raga, a riƙa samun rangwame (jefa biyu a ɗauki babba) wajen bugunsa. Babu wannan. Ba a sa mashi wani hali ba, hannuwansa sake suke, in boka ne zai yi sihirinsa lafiya lau, in yana da takun hazo ma ya ɓace ya bayyana ƙafa 30 can ya bar maka tarkonka.

MalamGobarau:
Gaskiyarki Hafsy, ba na kowane maƙiyi ba ne. Na masu cizo da masu kulki ne. Kyarkeci, zombi, ƙaton nan ogre. Shi ogre yana saurin kamuwa don zafin namansa 8, sai dai ƙarfinsa 19, da 9 kawai ya buɗe shi. Ko hakan ma ka ci yi ɗaya daga abin da ke iya kwantar da ɗan matakin farko da bugu guda.

Hafsy_Daura:
ogre ma yana da mashin jifa fa

Bature_Mashi:
Ni ban daɗe da fara wasan ba amma harkar tarko ta gaske na taso na gani, kakana maharbi ne a ƙauyenmu, irin tarkon da maƙera ke ƙerawa yake ɗanawa. Abin da ya ba ni mamaki a littafin shi ne wai akshin ɗaya, daƙiƙa 6 ke nan ko? Tarkon ƙarfe mai ƙarfin riƙe babbar dabba sai ka taka sifirin ɗin da ƙafa ka danne da nauyinka kafin baki ya buɗe, sannan ka saita harshen a hankali kana kaffa-kaffa da yatsunka. Bayan nan ka ɗan haƙa ƙasa ya zauna daidai, ka rufe da busasshen ganye da rairayi, ka share sawunka. Kuma ba ko'ina ake sa shi ba, sai ya bi sawu ya ga turbar da dabba ta saba bi zuwa ruwa, wani lokaci ya jera ƙaya gefe da gefe ya bar 'yar kafa ɗaya yadda dole ta bi ta nan. Yakan ce tarko ba ya bin nama, nama ke zuwa gare shi, aikinka shi ne ka hana shi wata hanyar.
Wani abu kuma, ba kullum yake ɗaure sarƙar a jikin itace ba. In dabbar mai ƙarfi ce gungume yake ɗaura wa, ta yi ta jansa yana sarƙewa a cikin ciyawa, da safe ya bi shatar. In ka ɗaure ta tam a wuri ɗaya tana iya fizgewa ta bar maka guntun ƙafa.

Ummi_d20:
Kai wannan na gungumen ya yi min. Zan sata in sa a teburina, wanda ya kamu yana tafiya amma rabin saurinsa, kuma bin sawunsa ba sai an yi jifa ba.

MalamGobarau:
Littafi abin da ba ya motsi ya ce, amma a matsayin dokar gida ba laifi. Bature maganar rufewa da ka kawo ita ce babban gibin. Ba a faɗi DC na hango tarkon ba sam. Akshin ɗin nan na ɗanawa ne kawai, in ka ɗana shi a tsakiyar faɗa kowa na kallo to ƙarfe ne kwance a fili, duk mai hankali zai zagaye shi. Ni a teburina in kana son ɓoye shi sai ka ba shi minti 1 zuwa sama, ka yi jifan sanin daji, abin da ka samu shi ne zan gwada da lurar maƙiyi ta yau da kullum. Goblin tasa 9 ce, kyarkeci 13 kuma ga hanci. In wurin da duhu-duhu ne ana cire 5 daga lurar gani, wannan kam dokar littafi ce.

Sadiq_KofarKaura:
To kun gani, ga inda nake. In a fili aka ɗana kuma ba wanda zai taka da kansa, sai a koma turi. Ka ba ɗan wasa mai ajin ɓarawo, ɗan mataki na 3, yana da saurin hannun nan da ke ba shi damar amfani da kaya da bonas (ɗan ƙarin aiki ban da akshin), ya ɗana tarko a bayan maƙiyi, mayaƙi ya hankaɗa, zagaye na gaba a sake. Ga mai tsawar nan da ke tura mutane ƙafa 10, ga mai bulalar ƙaya da ke jawo su ƙafa 10. Kowane faɗa ya zama tura-tura kan tarko. Shi DM ɗin nasu ƙila abin da ya hango ke nan.

Abba_Kusugu:
To sai mi? Mutum biyu sun haɗa kai, ɗaya ya kashe bonas, ɗaya ya bar saran takobinsa ya yi turi wanda yana iya faɗuwa, sannan maƙiyi ya sake samun jifan tsira, duk don 1d4 da tsayar da abu ɗaya. In 'yan wasana suka yi wannan tafi zan yi masu. Ya fi min "na sare shi, na sake sare shi" har a tashi. Kuma tarko nawa ɓarawon zai ɗauka? Guda 3 laba 75 ne.

Zee_Funtua:
a sayi jaki mana, zinare 8 ne kuma yana ɗaukar laba 420 😂

Abba_Kusugu:
Jakin zai shiga kogo da ku? Sai ka ce wa dodo dakata in je waje in kwanto kaya

Hafsy_Daura:
Maganar nauyi ba wasa ba ce in kuna bin dokar nauyi mai tsanani. A saukakkiyar doka ƙarfinka sau 15 kake ɗauka, mai ƙarfi 8 laba 120, ba matsala. Amma a ɗayar da ka wuce ƙarfinka sau 5 saurinka ya ragu da ƙafa 10, mai ƙarfi 8 ke nan laba 40, tarko ɗaya ya cinye fiye da rabi. Kusan kilo 11 ne fa. Ni shi ya sa na fi son tsidau ɗin ƙarfe da ake watsawa, jaka zinare 1, laba 2, DC 15, ya taka ya tsaya kuma saurinsa ya ragu da ƙafa 10 har sai ya sami waraka. Ko 'ya'yan boris, su kuma DC 10 ne amma suna rufe ƙafa 10 su kayar da mutum.

MalamGobarau:
Sai dai su biyun duk wanda ya taho da rabin sauri ya wuce ba jifa, kuma ba mai riƙe mutum a wuri. Tarko kaɗai ke sa shi biyan akshin.

Zee_Funtua:
Tambaya a gefe don Allah, ina kuke samun dayis mai fuska 4 da mai 20 a Katsina? Mu na ludo kawai gare mu

Ummi_d20:
Nawa oda aka yi min ta intanet aka kawo Kano, wani ya taho min da su. Kafin nan manhaja muke sawa a waya. Na 1d4 kam ki jefa na ludo, in 5 ko 6 ya fito ki sake, daidai yake ba ha'inci. Dokokin ma ba sai kin sayi littafi ba, na asali kyauta Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga wasan, suka sake su kuma tarkon yana ciki.

Ɗan_Marusa:
Ni ma ban saye shi ba fa, cikin kayan farawa na same shi, wanda ya zaɓi asalin mutumin daji ana ba shi sanda da tarko ɗaya da zinare 10. Shi ya sa nake jin haushin in yi ta goyonsa ba amfani.

Bature_Mashi:
To ka yi aikin da aka yi shi dominsa mana. Ku sauka kwana a daji ka ɗana a turba, da safe ku sami nama, guzurinku ya huta, fatar ku sayar a gari. Ko ka sa shi a hanyar shigowa zangonku lokacin dogon hutu na awa 8, ƙarar rufewarsa da ihun wanda ya taka sun isa su tashe ku.

Hafsy_Daura:
Sai dai ka gaya wa mai gadin dare inda ka sa 😭 a teburinmu wani ya ɗana bai faɗa wa kowa ba, bokanmu ya tashi fitsari cikin dare. HP 7 gare shi, ya sha 4, ƙarfinsa 8 ya yi ta faɗuwa jifan buɗewa yana shan ɗai-ɗai, sai da mayaƙi ya farka ya zare shi yana saura 1. In za ka gina ramin mugunta dai gina shi gajere. Kuma kar ku manta talakan gari a littafi HP 4 gare shi, akuya ma 4. Ka ɗana kusa da ƙauye yaron wani ya taka ka jefa 4, ka ga labari ya canza, yanzu ku ake nema.

Abba_Kusugu:
Wannan ni a matsayina na DM kyauta ce aka ba ni. Ni yanzu labarin da nake ja wa yarana na gina shi ne a kan wani gari mai rijiya ɗaya da maciji ya hana ɗiban ruwa, kun dai san inda na ɗauko, ɗan Daura ba ya rasa wannan. Sai ga su sun zo da tarko 2 sun jera a bakin rijiya suna murna. Na ce masu to bismilla, da wace ƙafar zai taka?

Sadiq_KofarKaura:
AHA. Abba ka kama kanka. Ɗazu ka ce faranti nauyi ya sani ba niyya ba. Maciji ba shi da nauyi ne? In ya ja ciki ya bi ta kai fa? Ko dai "takawa" tana aiki in ta yi maka daɗi ne kawai

Abba_Kusugu:
Nawa macijin kaurinsa ya fi bakin tarkon, ko ya tashi ba abin da zai kama, zamewa zai yi. Girma ne ya hana ba takawa ba.

MalamGobarau:
Shi ma girman littafi bai iyakance ba, halitta kawai ya ce. In ka bi shi ido rufe ɓera zai tayar da shi, kuma zai riƙe ƙaton da tafin ƙafarsa ya fi zoben faɗi. Ni daga ƙarami zuwa babba nake bari, abin da ya kai girman giwa sai dai ya murƙushe shi, ɗan mitsitsi kuma bai isa danna faranti ba. Mai tashi sama da fatalwa ba sai an faɗa ba.

Zee_Funtua:
mu littafinmu na 2024 ne, akwai bambanci?

Ummi_d20:
Kaɗan. Kuɗi da nauyi da DC duk ɗaya. An fayyace cewa saurinsa ya koma 0 har zuwa farkon yinsa na gaba, jifan buɗewa kuma an haɗa shi da gwanintar motsa jiki, ka ga wanda ya ƙware a nan ya fi saurin fita. Ɗanawar ma an sa ta ƙarƙashin akshin na amfani da kaya ƙarara, saboda haka musun ko ɓarawo zai iya da bonas ya mutu. Amma maganar takawa tana nan yadda take, ba su taɓa ta ba.

Hafsy_Daura:
Dabarar da ban ga an faɗa ba, ƙaramin rufa-ido. Ka ɗana a fili, mai sihiri ya ɗora hoton tabarma ko tarin ganye a kai, hoton yana daɗewa minti 1 kuma bai wuce faɗin gida ɗaya ba, daidai wa daida. Hannun sihiri kam ba zai ɗauke shi ba, laba 10 ce iyakarsa, na ga masu gwadawa.

Sadiq_KofarKaura:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don shi ya tako da kansa. Ni dai a teburina in an turo mutum zan ba shi jifan tsira amma da rangwame, ya jefa biyu ya ɗauki babba. Kun ga ban hana ba, ban kuma sakar maku ba.

Ummi_d20:
Rangwame ga wanda aka hankaɗa yana tangal-tangal? Ai shi ya fi cancanta a tsananta wa, wanda ke tafiya da nutsuwarsa shi ke iya fizge ƙafa. Ka juya abin Yaya.

Ɗan_Marusa:
Na tura wa DM ɗin duk wannan. Ya ce ya ji, daga yanzu turi yana tayar da tarko, amma da sharaɗin goblin ɗinsa ma sun koyi sana'ar, kuma su sun fi mu yawa 😐

MalamGobarau:
Wannan adalci ne, abin da ya halatta gare ku ya halatta gare su. Sai dai ka tambaye shi tun yanzu ko kafa turken yana cikin akshin ɗin ɗanawa, don kango mai daɓen dutse ba itacen ɗaurewa, kuma in ya ce sai an buga turke da guduma daban to ɓarawo ma zagaye biyu zai yi.

Sadiq_KofarKaura:
Daban ne mana. Wa ke buga turke a dutse cikin daƙiƙa 6 yana kuma danne sifirin?

Abba_Kusugu:
Wanda ke zare takobi ya yi gudun ƙafa 30 ya sari mutum biyu cikin daƙiƙa 6 ɗin dai. Bature kai ka ga na gaske, kakanka da guduma yake yawo ko a jikin saiwa yake ɗaurewa?

Bature_Mashi:
Saiwa ko gungume. Ban taɓa ganinsa da guduma ba, ƙarar bugu ai korar naman za ta yi.